Zauren Tambaya da Amsa: Kwalaben Daren Sabuwar Shekara, daga Shampen zuwa Burukutu

Tun tsakiyar Disamba saƙonni suke ta shigowa a kan abu guda, wato kwalaben da ake gani a talabijin ana buɗewa da sha biyun dare in shekara ta juya. Wasu son sani ne ya sa suka tambaya, wasu kuma abin ya taɓa sana'arsu ko maƙwabtansu. Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba sa shan giya, hukuncinta a Musulunci kuwa ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana. Ba talla muka zo yi mata ba. Amma direba da mai sayar da zoɓo da manomin dawa duk suna cin karo da ita ta wata fuska, don haka ga amsoshin wasu daga cikin tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk shekara ina ganin Turawa suna buɗe wata kwalba mai kumfa, toshiyar ta yi sama kamar harsashi. Abokina ya ce lemo ne, ni kuma na ce giya ce. Wa ya yi gaskiya, kuma me ke kawo kumfar? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kai ka ci gardamar. Shampen ake ce mata, giyar inabi ce, barasar da ke cikinta kusan kashi 12 cikin 100 ne, wato ta ninka giyar kwalba ta yau da kullum fiye da sau biyu. Sunan kuwa na wani yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, wajen garuruwan Reims da Epernay. A dokar Tarayyar Turai, giyar da aka yi a wannan yanki kaɗai ake kira da sunan.

Kumfar ba hura ta ake yi da inji ba kamar ta lemon kwalba, a cikin kwalbar ake haifar ta. Da farko ana matse inabi, a zuba masa yis, irin dai dangin wanda ke kumbura fanke da burodi. Yis yana cin sukari ya fitar da abu biyu: barasa da iskar gas. A wannan zagaye na farko gas ɗin yana tashi ya tafi, a samu giya mai tsami marar kumfa. Sai a ɗura ta a kwalba mai kauri, a ƙara sukari kamar giram 24 a kowace lita tare da sabon yis, a rufe gam, a jera kwalaben a kwance cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa masu sanyi. Yis ya sake cin sukarin, amma yanzu gas ba shi da mafita, sai ya narke a cikin ruwan. Kowane giram 4 na sukari a lita yana ba da awo ɗaya na matsi, wanda ake kira bar, saboda haka giram 24 ya ba da kusan bar 6. Tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka. Ka ga kenan abin da ke cikin kwalbar ya ninka na taya kusan sau uku.

Doka ta ce sai ta yi aƙalla wata 15 kafin a fitar da ita kasuwa, wadda aka rubuta wa shekarar girbi kuwa shekara 3. Mataccen yis yakan kwanta a cikin kwalbar kamar laka. Don a fitar da shi, ana kifa kwalaben a hankali, kullum a ɗan murɗa su, har lakar ta taru a wuya. Sai a tsoma wuyan cikin ruwan da sanyinsa ya kai wajen digiri 25 ƙasa da sifili, lakar ta daskare, a buɗe, matsin ya harbo ta waje, a cike gurbin, a sa toshiya a ɗaure ta da waya. In lissafin sukari ya kuskure ya yi yawa, kwalba fashewa take yi, kuma ɗaya takan tayar da na kusa da ita. Kafin a iya auna sukari daidai, ma'aikatan ramukan har abin kare fuska na ƙarfe suke sawa. Wani malamin coci mai suna Dom Pérignon, wanda ya rasu a 1715, shi ake yawan cewa ya ƙirƙiro ta, alhali shi ƙoƙarin hana giyarsa kumfa ya riƙa yi, don a zamaninsa kumfa aibi ce.

Alaƙarta da biki ta samo asali ne daga sarauta. A babban cocin Reims aka riƙa naɗa sarakunan Faransa, na ƙarshe a 1825, giyar yankin kuma ita aka riƙa sha a wajen naɗin. Da 'yan kasuwa suka ga haka, sai suka yi ta tallata ta a matsayin abin shan ranar murna, har ta manne wa daren 31 ga Disamba. Fesa ta da zakarun tseren mota suke yi ya faro ne a 1967 a tseren Le Mans. A Bahrain kuwa, abin shan da aka yi da ruwan wardi marar barasa ake fesawa.

Abu ɗaya da zai amfane ka ko da kwalbar inabi mai gas marar barasa ce a wajen biki: toshiyar tana fasa ido. A sanyaya kwalbar tukuna, kada a girgiza ta, a karkata bakinta nesa da fuskar kowa, a ɗora babban yatsa a kan toshiyar tun kafin a kwance wayar, sannan a riƙe toshiyar a murɗa kwalbar a hankali.

Tambaya: Shin duk duniya shampen ake sha a sabuwar shekara? Kuma wace giya ce aka fi sha a duniya? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mutanen Sifaniya suna da tasu mai kumfa, ana ce mata kaba, Italiyawa kuma furoseko, wadda ake yi wa zagaye na biyu a cikin babban tanki maimakon kwalba, shi ya sa ta fi araha. A Sifaniya ma ba kwalbar ce kan gaba ba. Idan agogon dandalin Puerta del Sol na Madrid ya fara buga sha biyu, kowa yana cin ƙwayar inabi ɗaya a kowane bugu, guda 12 ke nan, ɗaya don kowane wata. Rashawa, duk da sunan da suka yi a kan bodka mai kashi 40, a wannan daren giya mai kumfa suke ɗagawa idan agogon fadar Kremlin ya buga, al'adar da ta kafu tun da gwamnatin Sobiyet ta fara yin tata mai araha a shekarun 1930. Wasunsu sukan rubuta buri a 'yar takarda, su ƙona, su zuba tokar a kofi su shanye kafin agogon ya yi shiru.

A Sikotland bikin yana da sunansa na daban, Hogmanay. Baƙon da ya fara taka ƙofar gida bayan sha biyun dare yakan shigo da dunƙulen gawayi da ɗan abin ci da kwalbar wiski, alamar kada gidan ya rasa wuta ko abinci a shekarar. Wiskin Sikotland daga sha'ir ake yin mafi daraja a cikinsa, kuma doka ba ta yarda a kira shi da sunan ba sai ya kwana shekara 3 a gangar katakon oak, ƙarfinsa bai gaza kashi 40 ba.

A nan ya kamata a raba giya gida biyu, don rabon zai yi amfani a tambayoyin gaba. Akwai wadda yis kaɗai ya yi: giyar kwalba, giyar inabi, burukutu, bammi. Wannan ba ta cika wuce kashi 15 ba, saboda in barasa ta kai haka yis ɗin da kansa yake mutuwa. Sannan akwai wadda aka dafa aka tara tururinta. Barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, to in aka ɗora giya a wuta barasar ce ke riga tashi, a bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwa mai ƙarfi. Wiski da bodka da ogogoro duk 'yan wannan gida ne.

Japanawa da safiyar 1 ga Janairu suke shan otoso, wato giyar shinkafarsu da ake kira sake (ba sake namu na maimaitawa ba) wadda aka jiƙa wa kirfa da wasu saiwoyi ta kwana. Ƙananan kofuna uku ake jerawa, a fara daga ƙaramin gida a ƙare a kan dattijo. Sabuwar shekarar Habasha tana kamawa 11 ga Satumba, wani lokaci 12, kuma abin shansu tej ne, zuma da ruwa da wani itace mai ɗaci da suke kira gesho.

Wadda za ta fi ba ki mamaki ita ce ta ƙasar Sin. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma abin da ke kan tebur shi ne baijiu, wanda galibinsa da dawa ake yi. Dawar nan dai da kika sani. Ana turara ta, a gauraya da wani curin alkama mai ɗauke da ƙwayoyin da ke ruɓar da hatsi, a binne a rami ta yi makonni, a tono a tara tururinta. Moutai, mafi shahara, daga lardin Guizhou, kashi 53 ne. Saboda yawan mutanen Sin, baijiu ce giya mai ƙarfi da aka fi sha a duniya, duk da cewa a wajen ƙasar ba kowa ya san ta ba. Idan kuma yawan lita ake magana ba tare da duba ƙarfi ba, giyar kwalba mai kashi 4 zuwa 6 ita ce kan gaba, kuma Sin ce ta fi kowace ƙasa yin ta.

Tambaya: Ranku ya daɗe, ni manomi ne. Ana cewa dawar da dillalai ke lodawa zuwa Kudu kamfanonin giya take tafiya. Gaskiya ne? Kuma mene ne bambancinta da burukutu? Daga wani dattijo a Funtuwa.

Amsa: Baba, akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Asali da sha'ir da aka tsirar ake yin giyar kwalba, kuma daga waje ake shigo da shi. A 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi, sai kamfanonin suka koma wa dawa da masara. Ko da aka janye hanin daga baya, ba su saki dawa ba, don tana kusa kuma ba ta bukatar dala. Sun fi son farafara da kaura. Sai dai ba giya kaɗai ake yi da abin da suka saya ba: lemon malt marar barasa da wasu kayan shayi na gwangwani da abincin kaji duk suna cin dawa. In buhu ya bar hannunka a kasuwa, ba ka da hanyar sanin inda ya sauka. Wanda kuma kamfani ya zo masa kai tsaye da iri da yarjejeniya, ya tambayi me za a yi da ita, ya kai maganar gaban malaminsa kafin ya sa hannu.

Burukutu kuwa jar dawa aka fi yi da ita. Ana jiƙa ta ta kwana, a baza a rufe da ganye ana yayyafa ruwa kwana uku zuwa huɗu har ta tsira, a shanya, a niƙa. Tsirar ita ce sirrin, domin yis ba ya iya cin gari, sai sukari, kuma ƙwayar hatsi in ta fara tsira tana sakin sinadarin da ke mayar da garinta sukari. Shi ya sa in an zuba tsiro a kunu yake tsinkewa ya yi zaƙi. Daga nan a dama, a dafa na sa'o'i, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, ta huce, a zuba mata ragowar tsohon dahuwa ta kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfinta yakan tsaya tsakanin kashi 3 da 6. Da yake ba a tace ta sosai, ba a kuma kashe ƙwayoyin da ke ciki, cikin 'yan kwanaki take komawa tsami ta lalace, shi ya sa ba ta tafiya nesa da inda aka dafa ta. Danginta suna ko'ina: fito a arewacin Gana, dolo a Burkina Faso, bilbil a Kamaru da Cadi, marisa a Sudan.

Ga wani abu da ya shafe ka a matsayin mai kiwo. Tohon dawa da saiwarsa suna da guba, irin wadda ke kayar da dabba in ta ci gyauron dawa. Masu tsirar da dawa sukan murje tohon bayan ta bushe. Kada a zuba wa tumaki ɗanyensa.

Tambaya: Ina sayar da zoɓo da kunun zaƙi. Wani lokaci in sun kwana robar takan kumbura, in na buɗe ta yi tsit da kumfa. Hankalina ya tashi, ko giya nake sayar wa mutane ban sani ba? Sannan kwalaben inabi da ake rabawa a biki ana cewa babu giya a ciki, yaya zan gane? Daga wata uwargida a Bauchi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara tsoronsa a zuci. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abubuwa biyu ne ke aiki a robar, kada a haɗa su. Na farko ƙwayoyin da ke sa tsami, irin waɗanda ke mayar da madara nono. Su ne ke ba kunu ɗanɗanonsa, kuma tsamin nan ba shi ne barasa ba. Na biyu yis na daji, wanda ke kan ɓawon abarba da hatsi da cikin robar da ba ta wanku ba. Shi ne ke cin sukari ya fitar da gas da barasa tare. Kumburin roba da tsit ɗin da kika ji, alama ce cewa aiki ya fara.

Ga lissafin. Kusan giram 17 na sukari a lita shi ke zama kashi 1 na barasa. In kin zuba giram 100 a lita ɗaya ta zoɓo, kuma aka bar yis ya cinye shi tas, za a doshi kashi 6, daidai da giyar kwalba. Amma hakan yana ɗaukar kwanaki a wuri mai ɗumi, kuma kafin nan zaƙin ya gudu, warin ya canza, babu mai saye. Ɗan gas kaɗan ya isa ya kumbura roba tun barasar ba ta kai abin kirki ba. Zoɓon da aka yi da safe aka sayar kafin dare bai kai nan ba. Akwai hadisin Ibn Abbas a Sahihu Muslim da ke nuna ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage daga nan ba ya shansa. Wannan ma'auni ne mai kyau, sai dai a zafin Maris da Afrilu namu abin ba ya jiran kwana uku. Wanda ya kumbura, yana kumfa, yana wari mai hawa hanci, a zubar. Ko ba don barasa ba, yana iya ɓata ciki.

Hana shi ya fi sauƙi. Ki dafa ɓawon abarba da citta tare da zoɓon, kada ki zuba su ɗanye bayan an sauke. Ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki sa sukari a ƙarshe, ki sanyaya da wuri maimakon barin tukunya ta wuni a buɗe. Robobin da aka tsinto su ne babbar ƙofar ɓarna, a wanke su da sabulu har cikin zaren murfi, a ɗauraye, a kife su bushe. Kada ki taɓa juye ragowar jiya cikin na yau, domin daidai abin da mai burukutu take yi da gangan ke nan. Firji ko ƙanƙara sumar da yis kawai suke yi, ba sa kashe shi. Da an ɗauke wuta robar ta huce, zai farka ya ci gaba.

Kwalaben biki kuwa iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka hura wa gas, bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma giyar gaske da aka zare wa barasa da inji, ta hanyar dafa ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska ko tace ta da matsi. Wannan ta biyu takan rage da abin da ya kai kashi 0.5. Ki juya kwalbar ki karanta bayanta. In kin ga “grape juice” a jerin kayan haɗi da kuma 0.0%, ta farko ce. In kin ga “de-alcoholised”, ko “désalcoolisé” a kan kayan da suka biyo ta Nijar, ta biyu ce, kuma malamai sun yi saɓani a kanta. Masu karatu na ƙasashen da ke amfani da Faransanci su lura, a dokar Faransa giyar kwalba mai kashi 1.2 ma ana iya rubuta mata “sans alcool”. Lambar da ke gaban alamar % ita ce abin dubawa, ba hoton inabi ko siffar kwalba ba.

Tambaya: Muna lodi a tasha ɗaya da wani direba. Yana cewa giyar kwalba ba ta kai ta leda ƙarfi ba, kuma in ya yi barcin awa uku ya ci goro ya sha shayi mai kauri, ya warware. Haka ne? Daga wani direba a Jos.

Amsa: Malam direba, kada ka bar iyalinka su shiga motarsa da asubar 1 ga Janairu. Barasar da ke cikin kowace giya iri ɗaya ce, yawanta ne ya bambanta, kuma ana iya lissafa shi. A ninka yawan abin sha da kashin da aka rubuta, sannan a ninka da 0.8 don a samu giram. Babbar kwalba mililita 600 ce. In kashi 5 ce, barasa zalla mililita 30 ke nan, wato giram 24. Baƙar giya mai kashi 7.5 tana da giram 36. 'Yar leda mai mililita 30 da kashi 40 ba ta kai giram 10 ba. Ashe kwalba ɗaya ta fi leda biyu. Haɗarin leda shi ne arha da saurin haɗiya da sauƙin ɓoyewa a aljihu, abin da ya sa hukumar NAFDAC ta tashi hana ta a 2024.

Hanta ce ke ƙone barasa, kuma ba ta sauri don kowa. A babban mutum tana cinye wajen giram 7 zuwa 8 a awa. Wanda ya sha kwalba huɗu ya zuba giram 96, aikin awa 12 ke nan ko fiye. In ya fara da tara na dare, har hantsi akwai saura a jininsa. Goro da shayi da wankan ruwan sanyi buɗe masa ido kawai suke yi, ba sa rage ko giram ɗaya. Sun ma fi muni ta wata fuska, don sai ya ji garau alhali ƙafarsa tana makara a kan birki, idonsa kuma ba ya auna tazarar motar da ke tahowa in zai yi obatekin. In ka ga ya nace zai ɗauki fasinja, shugabannin tasha suna da ikon hana shi lodi, lambar kiran jami'an kiyaye haɗurra ta FRSC kuma 122 ce.

Tambaya: A unguwarmu akwai masu shan ogogoro da goskolo, kuma a ƙarshen shekara abin yana ƙaruwa. Me ya sa wasu ke makancewa? In muka tsinci mutum a kwance ya bugu, me za mu yi masa? Daga wani mai unguwa a Filato.

Amsa: Allah ya ja zamanin mai unguwa. Makantar ba daga barasar da aka saba take zuwa ba, daga 'yar'uwarta ce da ake kira metanol, wadda ake amfani da ita a masana'antu wajen narka fenti da makamantansu. Kamanninsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya, ita kuma ta fi araha, shi ya sa masu haɗa ta jabu suke ƙara ta. Hanta tana mayar da ita wani asid da ke ƙone jijiyar ido ya kuma gurɓata jini. Cokali biyu na shayi, wajen mililita 10, na iya makantar da mutum, mililita 30 na iya kashe shi. A Afrilun 2015 ta kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo har aka fara danganta abin da tsafi, bayan wata biyu kuma gommai suka mutu a jihar Ribas. Ba a nan kaɗai ba ne, a Nuwamban 2024 'yan yawon buɗe ido shida sun mutu ta wannan hanya a garin Vang Vieng na ƙasar Laos. Gwajin da ake yi na kunna mata ashana a duba launin wutar ba abin dogaro ba ne.

Mugun halinta shi ne jinkiri. Mutum zai bugu, ya farka kamar lafiya, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, numfashi ya yi zurfi da sauri, gani ya dushe kamar an shiga hazon hunturu. Duk wanda ya ce ganinsa ya canza bayan shan irin wannan, a kai shi asibiti kai tsaye, babban asibiti mai injin wankin ƙoda in da hali. A tafi da ragowar kwalbar, a kuma nemo duk waɗanda suka sha tare da shi ko da ba su fara jin komai ba. Manja da madara da ake ɗura wa mutane ba sa karya wannan guba, lokaci kawai suke ci.

Wanda aka tsinta a kwance kuwa, abin da ya fi kashe irinsa amansa ne, in yana rigingine ya koma masa huhu. A juya shi ya kwanta a gefe, a lanƙwasa gwiwar sama ta tokare ƙasa don kada ya kife, a sa hannunsa ƙarƙashin kumatu, a ɗan ɗaga haɓarsa. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa ruwa ko abinci, kada a kwara masa ruwan sanyi. A lulluɓe shi, domin barasa tana sa jiki zubar da ɗuminsa, kuma sanyin Jos a Disamba ya isa ya ƙarasa shi a bakin kwata. Wani ya zauna kusa da shi yana duba agogo. In numfashinsa bai kai sau 8 a minti ba, ko yana tsayawa daƙiƙa 10 tsakanin numfashi, ko leɓensa ya sauya launi, ko an mintsine shi bai motsa ba, a ɗauke shi zuwa asibiti a yadda yake kwance a gefe, ko a kira 112. A laluba aljihunsa, in an ga fankon taramol ko kwalbar kodin ko ƙwayar sa barci a nuna wa likita, don haɗuwarsu da barasa ce ke tsayar da numfashi. Mai ciwon suga da yaro ƙarami kuwa ba a jira a ga waɗannan alamu, barasa tana faɗar musu da sukarin jini cikin ɗan lokaci, a kai su nan take.